Kafin Kunya Ta Rufe Mini Baki

Nas Bolanle ta ce wai kana ji.
Ta ɗora abin awo a ƙasan cibiyata,
ta ce, "Ki riƙa yi masa hira, kunnensa ya buɗe."
Na yi dariya har mayafina ya zame.
Me ake ce wa wanda ba a san fuskarsa ba?

To, ga ni ina faɗa.
In ma ke ce, ki yi haƙuri, bakina ya saba da kai.

Wannan ƙarar da ke kaɗa kwanukan kan kanta
jirgin ƙasa ne, ya ratsa Agege ya nufi Badun.
Wancan dakan, Iya Risika ce ke kirɓa sakwara.
Wannan kuma mai kat-kat-kat tun hantsi
keken ɗinkina ne, shi ke biyan rabin haya.
Na lura ba ka son janareton maƙwabta.
Ni ma haka. Ka ga mun fara shiri.

Da asuba in na ɗauko Suratu Maryam
sai ka yi lamo,
in na yi tuntuɓe a aya, ka zungure ni a haƙarƙari.
Malam tun daga ciki!

Babanka na Apapa, kwana shida a layin tireloli,
sai dai ya turo murya ta waya.
In kifa ta a kanka, in ƙure sauti,
ya ce, "Kai mutumin ciki, kana wahalar mini da mata?"
Kai kuwa ka yi juyi kamar tarwaɗa a roba.

Ran Laraba ka yi shiru.
Na sha kunun gyaɗa. Na sha ruwan sanyi.
Na kwanta ta hagu, na ƙwanƙwasa da yatsa
yadda muka saba, ni biyu, kai ɗaya.
Shiru.
Jirgi ya wuce, kwanuka suka yi rawa, ban da kai.

Ko ƙofa ban tsaya kullewa ba.
Ruwa na zuba, danfo ta maƙale a ƙarƙashin gada,
bakina na Hasbunallahu,
hannuna a cikin hijabi yana roƙonka.
Sai kwandasta ya leƙa waje ya tsage maƙogwaro:
"Ikeja! Ikeja!"
Dam! Ka sakar mini ƙafa.
Kuka da dariya suka ƙwace mini tare,
wata tsohuwa ta miƙo ruwan leda ba ta tambaye ni komai ba.
Duk da haka na ƙarasa asibiti,
na ji zuciyarka tana gudu
kamar kekena a daren Sallah.
Ɗan Ikko! Lallashina bai tashe ka ba, sai kiran fasinja.

Yanzu saurara, akwai maganar da ba ta jira.
Kai ne na fari.
Ran da ka sauka, Goggo Tasalla za ta taso daga Malumfashi
da daddawarta da dokokinta:
ba ni ba kiran sunanka,
ba ni ba yi maka wasa a gaban surukai,
in an ce ka yi kyau, in kau da kai in dubi bango.
Haka aka yi mini, ni ma 'yar fari ce.
Sai da na girma na gane
Inna na leƙena ta tsakanin asabari.

Don haka yanzu da ɗakinka ba shi da taga,
yanzu da babu mai jin mu,
ina son ka.
Na faɗa.
Ajiye shi can inda ka ajiye ƙarar jirgi.
In wata rana ka ga na ɗaure fuska cikin mutane,
kula da hannuna,
zan ƙwanƙwasa biyu a gadon bayanka.
Ka san amsar.

An kawo wuta.
Gyara kwanciya, akwai riga uku da ban haɗa hannunsu ba.