Raba Gandu

Tun ƙarfe tara aka ɗauke wuta a Panteka.
Na jingine ƙofar da nake wa walda,
rabinta a ɗinke, rabinta baki buɗe,
na kunna rediyo mai batir.

Mutum biyu ke musu a ciki.
Ɗaya ya ce: mu zare hannu daga babbar kasuwa,
jiha ta saro wutarta, ta sayar da abarta,
ta yanka farashi da wuƙarta.
Ɗayan ya ce: to, daga wane kogi?
Sai suka faɗa lissafin megawat,
ni kuwa na faɗa Kauru, shekara arba'in baya.

Ranar da aka raba gandunmu
ni aka ba bakin igiyar awo.
Babana ya gaji, kuma da gaskiyarsa:
shi ke fita da sanyin asuba,
Baffa Jatau ke kwana da mabuɗin rumbu.
Dami goma ya shiga,
in ya fito a ƙwarya sai ka rantse uku ne.
Aka ja igiya daga tsamiya zuwa suri.
Muka sami jigawa, tamu ta kanmu,
ba mai ce mana ga ranar shuka.
Daren nan babana ya ci tuwo har da ƙari.

Sai da rani ya kankama muka lura
rijiya ta faɗa ɓangaren Baffa.

Bai taɓa cewa da na sani ba.
Ya haƙa tasa, shekara uku yana faɗa da marmara.
A shekarun nan ni ne ɗan tulu,
ina sallama a ƙofar da jiya
nake bankawa da ƙafa.

Na san wayar nan mai ratsa Mando.
Ba a takarda na san ta ba, a kunne:
tsaya ƙarƙashinta ka ji tana ƙugi kamar amya.
Daga Shiroro take, in ji masu faɗa,
ta bi ta kan gonakin mutanen
da har yau da tocila suke neman takalmi.
Ba ta san allon iyakar jiha ba,
ba ta tsayawa a shingen 'yan haraji.

Kande mai ƙanƙara ta leƙo,
jarinta na ɗiga ta gindin buhu.
Ta ce: Tanimu, me suka yanke?
Na ce: ba su yanke ba, an tafi talla.
Ta ce: ni fa ko tamu ce, ko ta Neja, ko ta aljanu,
duk wanda ya daskarar min da ruwa kafin la'asar
shi ne ɗan'uwana.

Ban ce kada a fita ba.
Wanda ya biya kuɗin wata cif
ya kwana da zufa, rasit a ƙarƙashin matashi,
ba a yi masa wa'azin zumunci.
Tukunya ta kife a garin da ban taɓa takawa ba,
a ce injina ne zai kwana da yunwa?
Ni ma na gaji da wannan.
Tambayata ƙarama ce:
kafin a ja igiyar,
wa ya zagaya ya ga inda rijiya take?
Kuma a shekarun haƙa,
ɗan wa zai ɗauki tulu?

Sha biyu da kwata fanka ta yi miƙa.
Layin gaba ɗaya ya ɗauki ihu: an kawo!
Kande ta ruga ba ko sallama.
Ban tambayi wutar ko 'yar wace jiha ce ba,
na sauke gilashi a ido,
na ɗora sanda inda ƙarfe ya rabu da ƙarfe.

Saura tafin hannu ɗaya in kai ƙasa
aka sake ɗaukewa.