Ta Ƙofar Fita

A Suwalki watan Nuwamba bai san wasa ba.
Gilashin mota kan wayi gari da furfura,
fankar hita tana hura mini iskar kabari a ƙafa,
ga Mama a gefe cikin bargo biyu,
haƙoranta na ƙirga tazarar
da ta rage zuwa asibitin wankin ƙoda.

Na buɗe bonet a bakin garejin Wincenty.
Ya ce, taɓa tiyo biyun nan da suka shige bango.
Ɗaya ya ƙona mini yatsa,
ɗayan sanyi ƙalau kamar hancin kare.
Ya ce, to Dobrawa, kin ji ciwon da hannunki,
ruwa na shiga, ba ya fita.
Can bayan dashbod akwai wani ɗan lagireto,
bai fi littafin addu'a girma ba,
shekara goma sha tara yana haɗiya bai tofar ba.

Muka jira injin ya huce.
Mai gaggawa, in ji shi, da dafaffiyar fuska yake komawa gida.
Ya miƙo filaya, na sassauta ƙarfen da ya shaƙe tiyon,
tiyon ya ƙi, ya manne kamar kaska,
sai da na murɗa, na lallasa, na zage shi tas.

Sai tsohon ya ce:
kada ki tura ruwa ta inda ya saba shiga.
Dattin ya san wannan hanya, a kanta ya kwanta,
ƙara turawa ƙara cusawa ne.
Ki zo masa ta ƙofar fita.

Na sa tiyon famfo a bakin da ba nasa ba,
na buɗe kaɗan, kaɗan dai,
jijiyoyin ciki sirara ne, ba sa son ƙarfi.
Shiru.
Sai tari.
Sai ga shi ya amayo cikin bokiti,
ja kamar shayin da aka manta a buta,
ɓarɓashin tsatsa, laka, da wani baƙin ƙullutu
da Wincenty ya murje a yatsa yana dariya:
maganin toshe yoyo ne, aikin babanki Eligiusz,
bai taɓa gyara abu ba in zai iya rufe masa baki.

Ni ban yi dariya ba.
Shekara huɗu da binne shi,
yau ga hannunsa yana fitowa ta tiyo.
Haka ya toshe zancen bashi,
haka ya toshe zancen tarin da ya ci shi,
gidanmu ya yi ta hura sanyi, muna ƙara bargo.

Na bar ruwan yana gudu har ya yi garau,
na juya shi gaba, na sake juya shi baya.
Muka mayar da tiyo, muka cika, muka jira kumfar iska ta gama fita.
Wincenty ya rufe bokitin da katako saboda kyanwarsa,
ruwan nan zaƙi gare shi, kuma kisa yake yi.

Washegari, kafin mu wuce gadar jirgin ƙasa,
furfurar gilashi ta fara zubar da hawaye.
Mama ta cire safar hannu ɗaya,
ta kara tafinta a bakin fanka, ta lumshe ido.

Na daɗe ina tambayarta yadda suka haɗu,
kullum labarin a rawar daren biki yake tsayawa.
Yau na ce, Mama, fara mini daga ranar da ya rasu,
ki yi baya.

Ta yi shiru har fitila ta ba mu hannu.
Sai ta yi ɗan tari,
ta cire ɗaya safar.