Haƙoran Wani

Ni ne Sabitu na Gwammaja, mai shiga ruwa.
In yaro ya nutse a kududdufi, ni ake bugawa ƙofa.
Kayan aikina gajeren wando da igiya,
sai numfashin da Allah Ya ara mini, minti biyu da 'yan kai.
Bara da damina na fito da Rabilu, ɗan maƙwabcinmu,
sau tara ina nutso kafin hannuna ya taɓa diddigensa.
Uwarsa ba ta ce mini komai ba.
Ta dai dubi inda rana take.

Tun ran nan nake jefa kuɗi a gwangwanin madara.

A waya na gan su, dare ya raba, babu wuta:
tukunyar iska guda, fentinta ya koɗe,
gilashin ido, takalma irin ƙafar kwaɗo,
da baƙar riga da gishiri ya sa wa furfura.
Mai su Ebiye, can Fatakwal,
ya ce gwiwa ce ta raba shi da teku.
Na taya, ya ce albarka da irin nasa bakin.
Kwana huɗu muna ja, kamar masu raba gado.
Na ce nuna mini tiyo, ya nuna.
Na ce nuna mini fuskarka, ya yi dariya ya turo:
dattijo ne, da giɓi.

Yayata Saude ta tafa hannu:
“Cinikin biri a sama!
Kai da ko Wudil ba ka cika wucewa ba,
ina kai ina kayan teku?”
Na tura kuɗin duk da haka.
Sai layinsa ya mutu.
Kwana uku tuwo na wuce mini kamar tsakuwa,
Saude na kwashe kwano, ba ta ko kallona.

Ran Laraba direba ya kira daga tashar Sabon Gari.
Buhu ne, an ɗaure da tsumma, an rubuta sunana ba daidai ba.
Ɗan adaidaita ya ce gas ne, sai na ƙara masa ɗari biyu.

Da na kwance shi a tsakar gida
wani wari ya tashi, ba na kifin Galadima ba,
ba na kwata ba.
Yashi fari ya zubo daga takalmin.
Yara suka tsince shi kamar sukari.

Tukunyar kuwa wayam.
Na kai wa Tasi'u mai faci, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa,
ya ce injinsa ko rabin wuyanta ba zai kai ba.
Da dare ga muryar Ebiye, ashe wayarsa ce ta faɗa ruwa:
kada ka sha iskar taya, ɗana, akwai mai a ciki.
Kada ka riƙe numfashi in za ka taso.
Nemi wanda zai koya maka kafin ka shiga.
Na saurara sau bakwai.

Har yau ina yawon neman mai cika ta,
daga Bompai zuwa Sharaɗa, kowa sai ya nuna mini gaba.

Amma jiya na sa gilashin, na tsoma kai a duron gidanmu.
Shekara goma sha ɗaya ina lalube a duhu,
ban taɓa ganin gindin ruwa ba sai jiya.
Ga ɗan kunnen Saude da ya ɓata tun azumi,
yana kwance abinsa.

A robar da ake cizawa akwai sawun haƙoran Ebiye,
har da gurbin giɓin.
Na wanke ta da ruwan zafi, na sa a baki.
Nawa ba su zauna daidai ba tukuna.
Gabas ta fara haɗa hadari.