Gada Marar Igiya

A Samaru, bayan isha'i,
Tanimu ya ja kujera ya ce,
"Miƙo wayar, Balaraba,
manhajar nan kyauta ce, ko sisi."

Ya gabatar da waya ga kwamfuta
kamar mai sulhunta 'yan uwa.
Suka ƙi juna. Aka ɗauke wuta.
Shayi ya huce muna jira.

Da fanka ta motsa, sai suka gaisa.
Hotunan gwajin dawata a Shika,
babi na uku da na gyara cikin a-daidaita,
muryar marigayiya Inna tana dariya a Ƙofar Gayan,
duk suka haye, ba ko igiya.

Na rufe kwamfutar a hankali,
kada in tashe ta.