Bayan "Cewa"

Shekara talatin da takwas ina riƙe da jan biro
a makarantar da ke bayan tashar jiragen ruwan Amble,
ina koya wa 'ya'yan masunta Ingilishin da suka sha a nono.
Jimla ba ta tafiya babu mai ita, nake ce musu.
In kai ka yi abu, sa kanka a gaba:
harafi ɗaya tak, a tsaye kamar turken ɗaure jirgi,
babba ko da a tsakiyar layi ya faɗo.
Duk cikin wakilan suna shi kaɗai ne ba ya sunkuyawa.

Sai aikatau ya bi bayansa. Na sani. Na zata. Ina fata.
Sai 'yar kalmar nan mai haruffa huɗu,
"cewa" ɗin Turawa,
ta tura ƙofa, maganar da ke ciki ta fito.
A baka kuna iya yar da ita, babu wanda zai kama ku,
amma a takardar jarrabawa ku bar mini abata.

Wilf, mijina, bai taɓa leƙa ajina ba.
Littattafansa goma sha ɗaya na tarar
a akwatin ƙarfe, ƙarƙashin ragar da bai gama ɗinkewa ba,
suna ƙarnin kifi da man inji.

Fita ƙarfe huɗu. Iska daga arewa. Ƙaguwa sittin.
Dawowa da ciwon baya.
Enid na fushi, da alama. Sayo mata biskit.

Wa ya fita? Wa ya dawo? Wa ya sayo?
Shafi bayan shafi babu turke ko ɗaya,
jiragen maganarsa a sake suke yawo kan ruwa.
Sai da hannuna ya kai aljihun rigar sanyi, neman biro,
kafin na tuna babu wanda zai yi gyaran.

Ranar da teku ta hana mu gawar ƙaninsa Rab,
layi ɗaya ya rubuta:
Ba fita yau.

Haka yake a baki ma.
Shekara hamsin muna shan shayi a teburi ɗaya,
in ya ce zato, ba ya cewa nasa ne,
in ya ce so, sai in nemo mai son da kaina.
Na sha yi masa gori: kai ina kake cikin zancenka?
Sai ya ɗaga kafaɗa, ya ci gaba da goge takalminsa.

Littafi na ƙarshe rabinsa fari ne.
Nuwamba, asibitin Ashington, gado na kusa da taga.
Rubutun yana rawa kamar fitila a cikin ruwa,
amma ga turken nan, a tsaye, har ya maimaita tawadar.
Ga aikatau a bayansa.
Ga ƙofar ma, wadda na ce a baka ana iya yarwa,
bai yar ba.

Na san cewa

Daga nan biro ya zame ƙasa, ya ja dogon layi.

Ƙa'ida ta ce dole wata jimla ta biyo,
da nata mai aiki, da nata aikin.
Ƙila shi ne zai sake tsayawa a can. Ƙila ni ce.
Jikata Bryony ta ce, Kaka, nas ce ta shigo da magani,
kada ki sa wa kanki damuwa.
Ƙila kuwa haka ne.

Na gwada cikawa sau nawa, da fensir, a bayan ambulan,
kowanne in na karanta, muryata nake ji.

A ajina wannan sifili ne, da jan zobe,
da "ƙarasa" a gefe.
Littafin yana nan a buɗe kan teburin kicin,
na danne shi da kofinsa, saboda iskar taga.