Farar Wuta

Ba fara ba ce, ba kuwa wuta ba ce,
rawaya ce, kamar garin ɗorawa.
Na taɓa tambayar Gwaggo Tabawa dalilin sunan,
ta ce, "Miƙo hannu, ka bar surutu."

Shekarar ce na dawo hutu daga makarantar kwana
da ƙazuwa tsakanin yatsu, da gwiwar hannu,
da inda ba a faɗa a gaban manya.
Dare ya yi, gida ya yi barci,
ni da farcena muna hira har asuba.
Susa daɗi, ƙarshenta jini.

Da hantsi ta yafa gyale, ta nufi 'Yar Kutungu,
ta dawo da ƙulli a bakin zane,
dunƙule uku, ko wanne bai kai goro ba.
Ta ɗora a dutsen niƙa, ta murje su lukwi,
ta kwaɓa da man kaɗe a fasasshen tangaran,
ta sa aka dirje ni da sabulun salo
har sai da na kira sunan uwata.

Sai wari.
Ruɓaɓɓen ƙwai ya fi shi mutunci.
Ƙannena suka janye tabarma,
kyanwar gidan ta koma zaure,
yaran Ƙofar Marusa suka raɗa mini Ɗan Ashana.
Ita kaɗai ta zauna gefena tana tsinkar zogale,
tana cewa, "Wanda ya guje ka don wari,
da ma ba zama ya zo yi ba."

Kwana uku ana shafe ni daga wuya zuwa tafin ƙafa.
Ta tafasa rigunana, ta shanya katifa a rana.
Daren na huɗu na yi barci
irin wanda na manta akwai shi a duniya.

Yau ina tsaye bayan kanta a Ƙofar Ƙaura,
farar riga, takardar shaida a bango.
Wata ta shigo da yaro yana soshe-soshe,
likita ya rubuta musu man shafawa.
Na ɗauko kwalbar, na murɗe marfin,
sai ga Gwaggo,
shekara goma sha ɗaya da rufe ta a Ɗan Takum,
ta taso ta cika shagon.

Matar ta toshe hanci.
Ni kuwa na daɗe ban mayar da marfin ba.