Amanar Gautan-Tsalle

Shekara arba'in ina ban ruwa
a lambun bayan Ƙofar Marusa,
ban taɓa ganin gauta mai ƙafafu ba
sai ran da Mannir ya miƙo mini waya.

"Kaka, ga shi. Sunansa Gautan-Tsalle."
Na kanne ido, na matso da fuska.
Kai kore mai tsaga-tsaga, irin na kan faifai,
kunnuwa biyu na ganyen zogale,
saiwa huɗu yake takawa,
wutsiya kuwa jan furen yakuwa.
Ya dube ni. Ya daka tsalle.
Na ja da baya ina a'uziyya.

A dajin cikin wasan ya kamo shi, in ji yaron,
kwana uku yana fako da ɗan kwando.
Yana da waɗansu, mai aman wuta, mai ƙahon ƙanƙara,
amma wannan ne na hannun dama.
In faɗa ya kaure, ɗaci yake fesawa,
abokin karo ya yamutsa fuska ya kife.
Na ce, nan dai ba su yi ƙarya ba,
wanda ya zana shi ya taɓa gatsar gauta.

Tsutsa na cin sa? A'a.
Fara fa? A'a.
Akuyar Barira?
Ya yi dariya har da riƙe ciki.
Na ce shukar da akuya ba ta kwaɗayi,
mi za a yi da ita?

Sai makarantar kwana ta kira shi Dutsin-Ma,
can kuwa waya ba ta ƙetare ƙofa.
Daren tafiya ya shigo ɗakina,
ya ajiye ta a kan buzu kamar ƙwai.
"A riƙa ba shi ruwa kullum, Kaka.
In ya kwana biyu ganyensa zai zube.
Wannan shuɗin ɗigon za ka taɓa."

Babban yatsana kanta ta gama da shi,
gilashi bai san da zamansa ba.
Na danna, na murza, na shafa masa yawu,
shiru kake ji.
Ashe ɗan ƙaramin yatsa, wanda fartanya ta raina,
shi kaɗai wayar ta yarda da shi.

Yanzu in na sallame asuba,
tun kafin in tada injin ban ruwa,
shi nake fara shayarwa.
Albasa ta jira, tumatir ya jira.
Ya kaɗa kunnuwa, ya yi tsalle uku.
Ban gaya wa kowa ba,
amma tun da nake, shuka ba ta taɓa gode mini ba.

Naira ɗari duk kwana biyu wurin Abashe mai caji.
"Malam Tasi'u, kai ma ka faɗa?"
Na ce amana ce, ka sa mata wuta.

Ran Laraba abin ya faru.
Haske ya cika gilashin har na rufe ido.
Da na buɗe, babu ɗan gautana.
Wani ƙato ne tsaye, rassa a kafaɗa,
gemun ganye har ƙirji,
na ba shi ruwa, ya gyaɗa kai kawai.
Ko ɗaga ƙafa bai yi ba.

Na ruga wurin Abashe, takalmi ɗaya a hannu.
"Na ɓata shi?"
"Girma ya yi, Malam. Ruwanka ne ya kai shi."
"A mayar da shi."
"Ba a mayarwa."

Wannan na sani. Ni da na yi dashe,
na san ba a koma da itace cikin iri.
Amma yaro ya bar mini ɗan tsalle-tsalle,
dattijo zan miƙa masa?

Saura kwana goma sha tara a yi hutu.
Uwarsa ta je ziyara, ta dawo tana cewa
wandonsa ya ɗage har ƙwauri,
muryarsa ta fara kauri,
bai rugo ya tarye ta ba, takowa ya yi.

To.
Na ɗauki wayar, na miƙa ɗan yatsana.
Sha, malam. Sha.